Laifin Ba Na Tsohon Babur Ba Ne

Duk wanda ya tashi a birnin Kano a shekarun 1970 zai tuna wata ɗabi'a ta iyayenmu wadda yau ta zama labari. Da an sallame sallar asuba, tun kafin a kawo koko, maigida zai turo babur daga zaure ya kafe shi a ƙofar gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da kuɗin ƙarin albashin Udoji na 1975 ya sayi ƙaramar Honda, kuma har yau ina ganin hannunsa a kanta. Zai danna tayar gaba da babban yatsa, ya danna ta baya. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goge a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Ya taɓa cen ya ji ko ya saki. Sannan ya ce, "Kai yaro, tsaya min a baya." Ya taka birki, ni kuma in ce, "Baba, jar fitila ta kama." Sai a nan zai yi bisimilla ya hau.

A lokacin ba jami'i ya sa shi ba, ba kuma tsoron tara ba. Kunya ce. Mutumin kirki yana jin nauyin a gan shi a kan abin hawa marar fitila, kamar yadda yake jin nauyin shiga masallacin Juma'a da riga mai dauɗa.

Yau fa? Tsaya a Ƙofar Nassarawa bayan magariba ka zuba ido. Ga mai tafiya cikin duhu, na bayansa na haska masa hanya da fitilar waya. Ga wanda tayarsa ta cinye har zare ya bayyana. Ga saurayin da ya sayi sabon babur jiya, abin da ya fara yi shi ne kwance madubai, wai sun ɓata masa ado, ya fasa salansa don unguwa ta san ya iso. Da, mutum kan yi alfahari da cewa babur ɗinsa ya shekara ashirin bai taɓa kayar da kowa ba. Yanzu alfaharinmu gudu ne da ƙara. Daga Maraɗi ta 'yan kabu-kabu har unguwar KM5 ta Bangi, inda Hausawa suka daɗe suna fatauci, babur shi ne ƙafar talaka, kuma ƙafar da ba a kula da ita ba ita ce ke kai mai ita ƙasa.

Doka ta tanadi a riƙa duba lafiyar abin hawa a ba shi takardar shaida, kuma aikin jami'an VIO ne, masu fararen kaya. Da an ambaci wannan duba sai ka ji mai tsohon roba-roba ko tsohuwar Jincheng yana cewa, "Ai nawa ya tsufa, ba zai tsallake ba." To, me ake dubawa? Fitila, sigina, birkin gaba da na baya, taya, oda, lamba, da ko kan babur yana rawa. A cikin waɗannan duka babu wanda shekaru ke hana gyarawa. Ƙwan fitila ne da ya ƙone, wayar birki ce da ta tsinke, noti ne da ya kwance. Ƙaramin babur kuwa ya fi kowane abin hawa sauƙin jinya, kusan komai nasa a fili yake, kowane bakanike na bakin titi ya san shi ciki da bai. Ba banza ba Honda Super Cub, da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, ta haura guda miliyan 100 a 2017.

A Ingila, inda aka fara gwajin MOT a 1960, babur da ya cika shekara uku dole a kai shi duba duk shekara. Amma tun 2018 an ɗauke wa mafi yawan waɗanda suka haura shekara 40 wannan wajibi, kuma cikin dalilan da aka bayar har da cewa masu irin waɗannan tsofaffin ababen hawa sukan yi tattalinsu sosai. Can tsufa ya zama shaidar kulawa, a nan mun mai da shi uzurin sakaci.

Ban faɗi wannan ina mai wanke kaina ba. Da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, ina cikin waɗanda suka jingine mota suka kakkaɓe tsohon babur. Wayar birkin gaba a tsinke na same ta. Na ce gobe, goben ta zama wata huɗu, ina yawo da birkin baya kaɗai. Wata safiya ina ɗauke da ƙaramin ɗana zuwa makaranta, na hango masu duba takardu a gaba, sai na karya kan babur na shige lungu. Yaron ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Baba, me ya sa muka juya?" Na rasa amsa. A daren nan barci ya ƙaurace min, domin na tuna ni a shekarunsa a bayan babur ɗin mahaifina nake tsayawa ina koyon gaskiya, shi kuma ga abin da na koya masa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wasunmu kuma ranar duba kaɗai suke shiryawa. A ari madubin maƙwabci, a ari hular kwano, a tsallake, da yamma a mayar wa mai abu abinsa. Ba sabon hali ba ne. A Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta sa hular kwano, an ga masu kifa ƙwarya a ka. Mun yi dariya a lokacin, alhali abin kuka ne. An yaudari jami'i, amma kwalta ba ta karɓar yaudara. Mai shakka ya leƙa Asibitin Ƙashi na Dala ranar ziyara, ya ga samari majiya ƙarfi kwance da ƙarafa a ƙafa, iyayensu mata na zaune a gefe da kwanon abinci.

Na san hali ya yi tsanani. Kayan gyara sun yi tsada, jabu ya cika kasuwa, titunan unguwa duk ramuka, kuma akan samu mai duba da idonsa ya fi karkata ga takarda fiye da birki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai ba hukuma ce ke goya matarka zuwa awo ba, ba ita ke jera 'ya'yanka uku a kan tanki da sit zuwa Islamiyya ba. Mukan ce Allah ya kiyaye, kuma Shi ne mai kiyayewa, amma malamanmu sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi tukuna kafin a yi tawakkali.

Don haka ina roƙonka, ɗan'uwana, kamar yadda nake roƙon kaina. Gobe idan ka dawo daga masallaci, turo babur ɗin nan ƙofar gida. Danna tayoyin, duba baƙin mai, gwada birkin gaba da na baya. Kira ɗanka ya tsaya a baya, ka taka birki, ka tambaye shi ko jar fitila ta kama. In ya ce ba ta kama ba, kada ka hau sai ka gyara, kuma ka bari ya ga lokacin da kake gyarawa.