Idon Aro: Alhakin Wa Ne Abin da Mai Zane Ya Gada?

Babu mai zanen barkwanci da aka haifa da gwaninta a hannu. Kowannensu da kwaikwayo ya fara: ya samu shafin jarida ko littafin wani gwani, ya shimfiɗa a gabansa, ya yi ta bin layi har hannunsa ya faɗa. Georges Remi, ɗan Beljiyam ɗin da duniya ta sani da sunan Hergé, wanda ya ƙirƙiro Tintin, bai ɓoye malamansa ba. Daga George McManus na Amurka, mai zanen Bringing Up Father, ya ɗauko tsabtar layi da ƙananan hancinan nan masu zagaye. A wajen Alain Saint-Ogan na Faransa, mai Zig et Puce, ya ga yadda ake sa magana cikin ƙawanya tana fitowa daga bakin mai maganar, maimakon a jera rubutu a ƙarƙashin hoto kamar yadda aka saba a Turai. Dabbobinsa na farko kuwa, duk wanda ya san zanen Benjamin Rabier zai gane gidan da suka fito.

Wannan aro ba abin kunya ba ne, haka sana'a take. Sai dai ba layi kaɗai mai koyo yake ɗauka ba. Yana ɗaukar yadda malaminsa yake kallon mutane, waɗanda yake ganin girmansu da waɗanda ya raina, kuma sau da yawa bai ma san ya ɗauka ba. Tambayar da ta dace a yi ita ce: idan hannun saurayi ya zana wulaƙancin da ya gada daga magabatansa, alhakin yana wuyan wa?

An haifi Hergé a 1907 a Etterbeek, cikin Burasels. Ya tashi a makarantar Katolika da ƙungiyar 'yan sikawut, inda ya fara buga zanensa. Da ya kama aiki a jaridar Le Vingtième Siècle, sai ya faɗa hannun shugabanta, wani limamin coci mai suna Norbert Wallez, mai zafin ra'ayin riƙau, wanda ya ajiye hoton Mussolini a ofishinsa. Wallez ne ya ga baiwar yaron, ya damƙa masa shafin yara na mako-mako mai suna Le Petit Vingtième. A nan Tintin ya fara bayyana ranar 10 ga Janairu, 1929, yana kan hanyarsa ta zuwa Tarayyar Sobiyet. Hergé bai taɓa taka ƙasar ba. Kusan duk abin da ya zana game da ita daga littafi guda ya kwaso shi, na wani tsohon jami'in jakadancin Beljiyam mai suna Joseph Douillet.

Da wannan labari ya ƙare, Hergé ya so ya tura Tintin Amurka. Wallez ya ce a'a, Kwango za shi, domin yaran Beljiyam su san ƙasar da suke yi wa mulkin mallaka, su kuma so aikin mishan. Daga 1930 zuwa 1931 aka yi ta buga labarin.

Duk ɗan Afirka da ya buɗe littafin nan sai ransa ya sosu. Mutanen Kwango a cikinsa duk kamanninsu ɗaya: baƙi wuluk, idanu zuru-zuru, leɓɓa kamar an ɗora musu. Manya ne masu hankalin yara. A wani shafi jirgin ƙasa ya kauce daga kan layin dogo, Tintin ya tsaya yana yi wa fasinjoji faɗa a kan lalaci har suka tashi suka mayar da shi. A wani shafin ya shiga aji a makarantar mishan, ya tsaya gaban allo yana koya wa yara cewa ƙasarsu ita ce Beljiyam. Ya harbe tarin barewa, ya huda bayan karkanda ya cusa nakiya ya tarwatsa ta. A shafin ƙarshe, bayan ya tafi, ga wani mutum durƙushe gaban gunkin Tintin da na karensa. Wannan kuwa ƙasa ce da shekaru ashirin da 'yan kai kafin lokacin, a zamanin da Sarki Leopold na Biyu ya riƙe ta a matsayin mallakar kansa daga 1885 zuwa 1908, aka yi ta yanke wa mutane hannu saboda roba.

Da aka tambaye shi bayan shekaru masu yawa, a hirar da ya yi da marubuci Numa Sadoul, Hergé bai musa ba. Abin da ya kafa hujja da shi shi ne cewa da irin wannan tunani aka shayar da shi a al'ummar da ya tashi a cikinta, kuma abin da ya sani game da Kwango bai wuce abin da mutane ke faɗa a lokacin ba. Hujjar tana da nauyi. Shekararsa 23, ɗan aiki ne a ƙarƙashin maigida mai ƙarfin faɗa-a-ji, bai je Kwango ba, abin dogaronsa rubuce-rubucen 'yan mishan ne da kayan da aka jera a gidan tarihin mulkin mallaka na Tervuren. Ba shi ya ƙirƙiro leɓɓan nan ba. Suna nan a tallan sabulu da kwalin cakulan da littattafan makaranta tun kafin ya iya riƙe fensir.

Malaman addini sun daɗe da tauna irin wannan matsala. A fiƙihun Musulunci an rarrabe tsakanin jahilcin da ake yi wa mutum uzuri a kansa da wanda ba a yi, kuma ma'aunin shi ne ko yana da hanyar sani ya ƙi bi. A cocin da Hergé ya tashi ma, Thomas Aquinas ya yi irin wannan rarrabewa tun ƙarni na 13, tsakanin rashin sanin da mutum ba shi da ikon kawarwa da wanda sakacinsa ne ya bar shi a ciki. Idan aka ɗora Hergé na 1930 a kan wannan ma'auni, sai a tambaya ko akwai hanya. Akwai. 'Yan Kwango suna zaune a Burasels, har suna da ƙungiyarsu, Union Congolaise, wadda Paul Panda Farnana, masanin aikin gona, ya kafa a 1919. Amma babu wanda ya ce wa saurayin ya je ya zauna da ɗayansu, shi ma abin bai zo masa a rai ba. Uzurinsa na wannan shekara yana da ƙafa, ko da yake gurguwa ce.

A 1934 abin ya sake. Hergé ya sanar cewa Tintin zai tafi ƙasar Sin. Wani limami mai suna Léon Gosset, wanda ke kula da ɗaliban Sin a jami'ar Louvain, ya rubuto masa wasiƙa. Ɗalibansa suna karanta shafin, in ji shi, kuma idan aka zana Sinawa yadda aka saba, da jelar gashi da mugunta, za a ɓata musu rai ƙwarai. Tsoronsa yana da dalili, domin a labarin Sobiyet Hergé ya riga ya zana Sinawa biyu masu jela a matsayin masu gana wa fursuna azaba. Gosset ya haɗa shi da Zhang Chongren, ɗan Shanghai, sa'ansa, wanda ke karatun sassaƙa da zane a makarantar fasaha ta Burasels.

Kusan shekara guda Zhang yana zuwa gidansa ranar Lahadi. Ya nuna masa yadda Sinawa ke riƙe buroshi da yadda layi ɗaya na tawada yake iya yin kauri ya kuma sirance. Ya ba shi labarin Shanghai, unguwannin da Turawa suka keɓe wa kansu, da abin da Japan ke yi a Manchuriya. Littafin da ya fito daga wannan zama, Le Lotus bleu, wanda aka buga kashi-kashi daga 1934 zuwa 1935, kamar wani mutum dabam ne ya zana shi. Titunan suna da zurfi, tufafin na gaske ne, kowace fuska da tata kama. Rubutun Sinanci da ke jikin bango da allunan shaguna hannun Zhang ne, kuma ana iya karanta shi, har da kiran a ƙaurace wa kayan Japan. Hergé ya zana yadda aka dasa nakiya a layin dogo domin Japan ta samu dalilin mamaya, kamar yadda ya faru a Mukden a 1931, a lokacin da jaridu da yawa a Turai ke ɗaukar bayanin Japan. Jami'an jakadancin Japan suka kai ƙorafi.

Akwai shafi guda da ya cancanci a tsaya a kansa. Tintin ya tsamo wani yaro mai suna Chang daga ambaliyar kogi. Yaron ya yi mamaki da Bature ya cece shi, don ya tashi da sanin cewa Turawa duk azzalumai ne. Sai Tintin ya shiga lissafa masa abin da Turawa ke zato game da Sinawa: wai mayaudara ne masu jela, masu cin ruɓaɓɓen ƙwai, masu jefa jarirai a kogi. Hergé ya zana waɗannan zace-zace ɗaya bayan ɗaya, yaron kuma ya fashe da dariya. A gaba kaɗan, 'yan sandan ciki biyu masu kama da juna sun shigo gari sanye da kayan zamanin sarakunan Manchu, da jela da mafici, wai don su saje da jama'a, sai ga titi guda yana bin su ana dariya. Mai zanen da kansa ne yake nuna wa yaran Beljiyam ƙaryar da shi ma ya taɓa sayar musu.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. McManus da Saint-Ogan sun gyara masa hannu ta hanyar takarda, amma sai da mutum mai rai ya zauna kusa da shi, yana iya cewa ba haka muke ba, sannan idonsa ya gyaru. Zhang ya koma Shanghai a 1935, yaƙi da juyin juya hali suka raba su. Hergé ya zana Tintin au Tibet, wanda ya fito a 1960, labarin neman abokin da kowa ya cire rai da shi. Ba su sake ganin juna ba sai a Maris 1981, shekara biyu kafin rasuwar Hergé.

Da labarin ya tsaya nan da ya yi daɗi. Amma a cikin Le Lotus bleu ɗin kansa, Japanawa sun fito da haƙora a waje da hanci irin na alade. Hergé ya yi wa mutanen abokinsa adalci, ya hana abokan gābarsu. Mafi muni, a 1941 da 1942, lokacin da Beljiyam ke ƙarƙashin mamayar Jamus, yana zane a jaridar Le Soir da ke hannun 'yan mamaya. A labarin L'Étoile mystérieuse mugun attajiri ne mai suna Blumenstein, da hanci irin wanda farfagandar Nazi ke liƙa wa Yahudawa. Akwai ma wani hoto na Yahudawa biyu suna murnar tashin duniya don ba za su biya bashi ba, wanda aka cire kafin a haɗa littafi. A Agusta 1942 aka fara kwasar Yahudawa daga barikin Mechelen zuwa Auschwitz, kuma kimanin 25,000 aka kwashe daga Beljiyam.

A nan uzurin gado ya ƙare. Mutumin da ya zana dariyar Chang ya san yadda irin wannan hoto yake aiki da kuma wanda yake yi wa rauni. Ya san maganin, tunda ya taɓa shan sa. Abin da ya koya a wajen Zhang bai zama ƙa'ida a zuciyarsa ba, ya tsaya a matsayin alfarma ga al'ummar da ya yi aboki a cikinta. Hergé babban gwani ne, kuma miliyoyin yara sun koyi son gaskiya da riƙon amana daga Tintin. Wannan ne ma ya sa abin yake da ciwo.

Matsalar ta fi tsanani ga mai zanen barkwanci saboda sana'arsa a kan taƙaitawa aka gina ta. Da layi huɗu ko biyar ake so mai kallo ya gane wannan attajiri ne, wannan baƙauye ne, wannan ɗan ƙabila kaza ne. Gajerun hanyoyin nan an riga an share su, suna nan a littattafan da yake kwaikwaya, ko na Japan ne ko na Amurka ko waɗanda yake gani a intanet, kuma a cikinsu raini yake ɓuya. Ba za a ce ya daina aro ba. Abin da ke wuyansa shi ne, duk lokacin da hannunsa ya zana wasu mutane cikin sauƙi ba tare da ya taɓa zama da su ba, ya tsaya ya tambayi kansa inda ya samo wannan fuska, ya kuma nemi mai ita ya nuna masa.

A 2007 wani ɗan Kwango mazaunin Beljiyam, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya kai ƙara yana neman a hana sayar da littafin Kwango. A 2012 kotu ta ƙi, bisa dalilin cewa babu niyyar tunzura ƙiyayya, kuma littafin ɗan zamaninsa ne.  Amma bugun da ya fi yawo a kasuwa na 1946 ne, lokacin da Hergé ya sake zana labarin gaba ɗaya da launi, ya rage shi zuwa shafi 62. Ya cire darasin da ke cewa Beljiyam ce ƙasar yaran, ya mayar da shi darasin lissafi, wanda ke nuna ya san akwai abin gyara. Leɓɓan da mutumin da ke durƙushe gaban gunki kuwa ya sake zana su, shekara 12 bayan haɗuwarsa da Zhang.