Zana Gaibi: Jayayyar Addini a Kan Hotuna a Tarihin Zanen Turai

Akasarin zane-zanen da suka yi suna a Turai kafin ƙarni na 17, domin wuraren ibada aka yi su. Fafaroma da bishop-bishop da gidajen 'yan zuhudu da attajirai masu neman lada su ne ke biyan kuɗin fenti da ladan mai zane. Amma addinin Kirista da ya ɗauki nauyin wannan sana'a ya gaji wata doka daga Attaura, ɗaya daga cikin dokoki goma da aka bai wa Annabi Musa, wadda ta hana ƙera siffar wani abu na sama ko na ƙasa ko na cikin ruwa domin a rusuna masa. Saboda haka tun farko akwai tambayar da ke bin mai zane a Turai: ya halatta hannun ɗan Adam ya siffanta abin da yake gaibi? In kuma ya siffanta, me mai kallo yake gani, abin da ake bauta wa ko gwanintar wanda ya riƙe burushi? Da yawa daga cikin ayyukan da ake tururuwar kallo a yau amsoshi ne ga wannan tambaya, kuma amsoshin sun sha bamban.

Kiristocin farko sun yi taka-tsantsan. A ramukan ƙarƙashin birnin Roma inda suke binne matattunsu, zanen ƙarni na 3 bai wuce alamu da ƙananan siffofi ba: kifi, makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa, labarin Annabi Yunusa. A farkon ƙarni na 4 ma wani taron bishop-bishop a Elvira ta ƙasar Sifen ya hana sa hotuna a bangon majami'a. Hujjar da ta buɗe ƙofa a yammacin Turai ta fito ne daga Fafaroma Gregory Babba. Wajen shekara ta 600 ya rubuta wa Serenus, bishop na Marseille, wanda ya farfasa hotunan majami'arsa don ya ga jama'a na yi musu sujada. Gregory ya yaba masa kan hana sujadar, ya zarge shi kan fasawar. A ganinsa, abin da rubutu ke yi wa mai karatu shi hoto ke yi wa wanda bai iya karatu ba. Hujja ce mai sauƙi, tana ɗaukar hoto a matsayin kayan koyarwa kawai, kuma ta yi wa Turai aiki na kusan shekara dubu.

A Daular Rumawa ta Gabas maganar ta kai ga zubar da jini. Daga wajen 726 Sarki Leo na Uku ya juya wa hotunan ibada baya, ɗansa Constantine na Biyar kuma ya tara bishop-bishop a Hieria a 754 suka haramta su. Wanda ya fi kowa kare hotunan, Yohanna na Dimashƙa, a ƙarƙashin mulkin Umayyawa yake zaune, inda hannun sarkin Ƙustantiniyya ba ya kaiwa. A Dimashƙa ne Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina babban masallaci, aka ƙawata bangonsa da siffofin itatuwa da koguna da gidaje, babu mutum babu dabba, domin Musulunci ya riga ya raba wurin sallah da surar mai rai. Yohanna ya yarda cewa Allah ba shi da siffar da za a zana. Amma ya ce tunda a aƙidar Kirista Kalmar Allah ta zama mutum a jikin Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa kuma suke ɗaukarsa manzo, to abin da idon mutane ya gani hannu yana iya zanawa. Taron Nikiya na biyu a 787 ya karɓi wannan ra'ayi, ya kuma raba tsakanin girmamawa, wadda ake iya yi wa hoto don tana zarcewa ga mai siffar, da bauta, wadda ta Allah ce shi kaɗai. Rigimar ta sake tashi a 815, ba ta lafa ba sai 843 a zamanin Sarauniya Theodora.

Wannan hujja tana da iyaka, kuma iyakar tana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. Ta halatta zana Yesu da mahaifiyarsa Maryamu da waliyyai, domin an gan su. Ba ta halatta zana Mahalicci da kansa ba. Shi ya sa masu zane na ƙarnoni da dama suka tsaya wajen nuna shi a kan hannu kawai yana fitowa daga cikin gajimare.

A Italiya ne zanen ibada ya fara ɗaukar nauyin jiki da motsin zuciya. Giotto ya ƙawata wata ƙaramar majami'a a Padua wajen 1305, wadda Enrico Scrovegni, ɗan wani mai ba da bashi da ruwa, ya gina. A zanen makokin Yesu, Maryamu ta rungume gawar tana duban fuskarta, mala'iku a sama suna murɗe jiki don baƙin ciki. Leonardo da Vinci ya kai wannan hanya ƙololuwa a Jibin Ƙarshe, wanda ya zana a bangon ɗakin cin abincin 'yan zuhudu na Santa Maria delle Grazie a Milan tsakanin 1495 da 1498. Ya zaɓi daidai lokacin da Yesu ya shaida wa almajiransa goma sha biyu cewa ɗayansu zai bashe shi, ya nuna yadda maganar ta faɗa wa kowane ɗaya. Hoto ya tashi daga tunatarwa ya koma jan hankali, kuma ba kowa ya so haka ba. A Florence, mai wa'azi Savonarola ya zargi masu zane da sa wa Maryamu tufafin matan attajirai, a 1497 kuma magoya bayansa suka tara kayan alatu, har da zane-zane, suka cinna musu wuta a dandalin birnin.

Michelangelo ne ya ƙetare iyakar a idon duniya. Fafaroma Julius na Biyu ya sa shi aikin rufin majami'ar Sistine, ya yi shi daga 1508 zuwa 1512 a kan ɗanyen shafe, a tsayin kusan mita 20 daga ƙasa, da siffofi fiye da 300. A tsakiya akwai labarai tara daga Littafin Farawa, kuma a wanda ya fi suna, Halittar Adamu, an zana Mahalicci a siffar dattijo mai furfura da ƙirar ƙarfi, yana miƙa yatsa ga Adamu, da ɗan tazara tsakanin yatsun biyu. Ba shi ya fara zana wannan siffa ba, amma shi ya kafa ta a zukatan mutane. Masu kare ta suna kafa hujja da wahayin Annabi Daniyel, inda aka ambaci wani mai farin gashi a kan gadon sarauta, da kuma faɗar Littafin Farawa cewa an halicci mutum a kamannin Allah. Sai dai hujjar Yohanna na Dimashƙa ba ta kai nan ba, kuma duk kyan aikin bai rufe wannan giɓi ba. Mai kallo yana iya fita da imani cewa ɗan Adam halitta ce mai daraja, amma yana iya fita da zaton cewa Mahalicci babban mutum ne kawai. Majami'ar Rasha ta hango wannan haɗari, taronta na Mosko a 1667 ya hana zana Uba a siffar tsoho.

Abin da ya tayar da ƙura a Roma kuwa wani abu ne dabam. Hukuncin Ƙarshe, wanda Michelangelo ya zana a bangon bagaden wannan majami'a daga 1536 zuwa 1541, cike yake da tsiraici. A Disambar 1563 taron majami'ar Katolika a Trent ya tabbatar da halaccin hotuna, amma ya hana duk abin da ke tayar da sha'awa ko koyar da kuskure, ya ɗora wa bishop-bishop alhakin sa ido. Michelangelo ya rasu a 1564, shekara ɗaya bayan haka aka sa Daniele da Volterra ya zana ƙyallaye a kan al'aurar siffofin. A 1573 kotun binciken aƙida ta Venice ta kira Paolo Veronese ya yi bayanin abin da ya kawo wadanni da 'yan barkwanci da sojojin Jamus cikin Jibin Ƙarshe nasa. An ba shi wata uku ya gyara. Bai taɓa zanen ba, suna ya canza masa zuwa Liyafa a Gidan Lawi.

Tsaurin Trent martani ne ga guguwar 'yan Furotesta da ta taso daga arewa. Martin Luther bai tsananta ba, yana ganin hoto ba shi da laifi muddin ba a dogara da shi, kuma mai zane Lucas Cranach amininsa ne. Zwingli ya sa an kwashe hotuna daga majami'un Zurich a 1524. John Calvin ya ce abin da ido ke iya gani shi kaɗai ya halatta a zana, kuma duk siffar da aka yi wa Allah rage masa girma ne. A damunar 1566 gungun mutane suka bi majami'un yankin Holan da Beljiyam na yau, har da babbar majami'ar Antwerp, suna farfasa mutum-mutumi da zane-zane.

Ƙarƙashin wannan jayayya akwai wata da ta fi ta zurfi: in za a zana tsarki, da kyau za a nuna shi ko da gaskiyar wahala? Matthias Grünewald ya amsa a zanen bagaden Isenheim, tsakanin 1512 da 1516, wanda aka yi domin gidan 'yan zuhudu masu jinyar masu cutar fata da cutar gurɓatacciyar hatsi. Jikin da ke kan gicciye duk miki ne, yatsu sun ƙandare, launin fata ya koma kore-kore. Majinyacin da aka kawo gabansa yana ganin irin jikinsa ne a wurin da ya fi ko'ina tsarki, kuma da wuya a sami zanen da ya yi wa masu kallonsa na farko adalci kamar wannan. Caravaggio ya bi hanya mai kama da ita a Roma. Talakawan titi yake ɗauka ya zana su a matsayin waliyyai, da ƙafafu masu dauɗa, cikin duhun da haske guda ke ratsawa. 'Yan zuhudun Santa Maria della Scala sun ƙi karɓar Rasuwar Maryamu da ya yi musu, domin ya nuna ta gawa ce sosai, jiki a kumbure, ƙafafu a waje. Mai zane Rubens ya ba sarkin Mantua shawara ya saya, yanzu kuma tana gidan adana kayan tarihi na Louvre a Faris. Shi Caravaggio ya kashe mutum a 1606 ya tsere daga Roma, abin da ya bar wata tambayar a buɗe, ko halin mai zane yana shafar tsarkin abin da ya zana.

A Holan ta 'yan Furotesta majami'a ta daina sayen zane, sai masu sana'ar suka koma ga 'yan kasuwa, suna zana fuskoki da filaye da cikin gida. Rembrandt, wanda ya rayu daga 1606 zuwa 1669, bai bar labaran Littafi Mai Tsarki ba ko da babu bagaden da ke jiran aikinsa. Komowar Ɗa Mubazzari, da ya zana a ƙarshen rayuwarsa bayan karayar arziki da rasuwar matarsa, tana gidan Hermitage a Rasha. Ɗan yana durƙushe cikin tsumma, kai a aske, takalmi ɗaya ya zame, tsohon uban ya ɗora hannaye biyu a bayansa, babban wan yana tsaye gefe fuska a ɗaure. Babu mala'ika, babu gajimare. Abin da ake so a nuna gafarar Allah ce, amma abin da aka zana bai wuce abin da ido ke iya gani a ƙofar kowane gida ba. Cikin duk amsoshin da masu zanen Turai suka bayar, wannan ce ta fi cika sharaɗin Calvin ba tare da ta rasa abin da Gregory ke nema ba.

Daga ƙarni na 19 masu neman gaibi a zane suka fara barin siffar mutum gaba ɗaya. A 1808 Caspar David Friedrich ya zana gicciye a kan dutse cikin itatuwa da faɗuwar rana, ya sa shi a firam irin na bagade, aka soke shi da cewa ya shigar da zanen fili cikin majami'a. Vincent van Gogh, ɗan fasto wanda ya taɓa yin wa'azi ga masu haƙar kwal a Beljiyam, ya zana Dare Mai Taurari a 1889 yana asibitin masu taɓin hankali a Saint-Rémy. A 1915 Kazimir Malevich ya rataye baƙin murabba'i a kusurwar sama ta ɗakin baje koli a Petrograd, daidai wurin da Rashawa ke ajiye hoton ibada a gidajensu. A Houston ta Amurka kuma an buɗe ɗakin ibada a 1971 mai ɗauke da manyan zane 14 na Mark Rothko, launuka masu duhu zalla ba tare da wata siffa ba, kuma mabiya kowane addini suna shiga.

Majami'u dai ba su haɗu a kan matsaya ɗaya ba har yau. Ta Orthodox tana bikin dawo da hotuna na 843 a Lahadin farko ta babban azuminta kowace shekara, ta Katolika tana kan hukuncin Nikiya da na Trent, majami'u da dama masu bin koyarwar Calvin kuma bangonsu babu hoto. Yawancin ayyukan da aka yi jayayyar a kansu sun bar bagade sun koma gidajen adana kayan tarihi, amma majami'ar Sistine tana nan a matsayin wurin ibada, kuma a cikinta ake zaɓen Fafaroma.