Turare: Sunna ce, Kada Mu Maishe Ta Abin Alfahari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta mana abubuwa masu daɗi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai muna ganin yadda son turare mai tsada ya bunƙasa. Matasa na neman tsofaffin kwalabe da haɗin da ba kowa ke da shi ba, alhazai na komowa da al'ud da almiski. Ya kamata mu san matsayin wannan al'amari a addininmu.

Da farko, son ƙamshi sunna ce tabbatacciya. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ba ya mayar da kyautar turare. A ruwayar Muslim ya fifita almiski bisa sauran turaruka. Haka kuma Abdullahi ɗan Umar yakan turara itacen al'ud, wani lokaci zallansa, wani lokaci ya haɗa da kafur, yana mai bayyana cewa haka Annabi ke yi. Ke nan haɗa ƙamshi iri-iri ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun ƙarni na 9 Miladiyya malami Alkindi ya wallafa littafi a Bagadaza mai ɗauke da haɗin turare fiye da 100.

Mu dubi ikon Allah cikin asalin waɗannan abubuwa. Almiski daga jikin wata irin barewa yake fitowa, mai zama a duwatsun Himalaya da Siberiya. Ko da yake daga jikin dabba aka cire shi, malamanmu na Malikiyya sun lissafa shi cikin abubuwa masu tsarki, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu. Ambar kuwa a cikin wani ƙaton kifin teku yake samuwa, ya daɗe yana yawo bisa ruwa kafin warinsa ya koma ƙamshi. Shi kuma al'ud, itace ne na Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu, wanda ba ya ƙamshi sai cuta ta kama shi, ya fitar da baƙin ƙaro don kare kansa. Saboda yawan sararsa, tun 1995 aka fara sa ƙa'ida kan cinikinsa tsakanin ƙasashe. Wannan ne dalilin tsadarsa, shi ne kuma dalilin yawan jabunsa. Mai sayar da haɗin kamfani da sunan al'ud na asali ya yi algus, kuma Annabi ya barranta daga mai ha'intar Musulmi.

Mu ma muna da namu gadon: humra, da turaren wuta na sandal da kajiji da farce, wanda matan Barno da Difa da Cadi suka shahara da shi, da Bint El Sudan, turaren mai da aka fara yi a 1920, wanda iyayenmu suka sani. Man al'ud da na sandal suna ƙara kyau in sun kwana biyu, amma turaren fesawa zafi da hasken rana na ɓata shi. Wanda ya tara kwalabe ya bar su cikin zafin bazara har suka lalace, ya tozarta dukiya.

To, ga iyakokin da shari'a ta gindaya. Namiji ya yi wanka ya shafa turare ranar Juma'a, don kada ya cutar da na kusa da shi a sahu. Mace ta ƙawata kanta da shi a ɗakinta, amma an hana ta shafa shi in za ta masallaci. Mai harama da hajji ko umra ya nisance shi, haka mai takaba har wata 4 da kwana 10. Game da turaren da aka haɗa da alkol, malamai sun yi saɓani. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, na mai ya ishe shi. Ɗan kasuwa kuma ya tuna hajar turarensa tana shiga lissafin zakka.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne almubazzaranci da riya. Yaya magidanci zai zuba jikkuna masu yawa a kwalba guda alhali babu hatsi a gidansa, ga bashin maƙwabci a wuyansa? Ciyar da iyali farilla ne, biyan bashi wajibi ne, turare kuwa mustahabbi. Ba a barin farilla a rungumi nafila. Mai wadata ya saya ya more, ya shafa wa na kusa da shi a masallaci. Marar hali ya riƙe sabulu da asuwaki da ɗan abin da ya samu, ba shi da laifi ko kaɗan. Kowa ya tambayi zuciyarsa lokacin shafawa: koyi da Annabi nake nufi, ko so nake a tambaye ni kuɗinsa?

Allah ya tsarkake zukatanmu kamar yadda muke tsarkake tufafinmu, ya haɗa mu da abokai na gari waɗanda Annabi ya kamanta da mai ɗauke da almiski, ya sa mu shaƙi ƙamshin Aljanna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.