Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ko zanen ya kai faɗi, wadda ta ara ba ta ɗaura shi da sakin jiki, domin mai shi na iya aiko a karɓa ana tsakar biki. Haka matashin Taloka da sauran ƙauyukan Goronyo da Wurno da Rabah yake da gona. A nan ƙasa gado ce. Muddin uba na raye gandu na hannunsa, ɗa sai 'yar gayauna. Ranar da ya rasu a raba wa magada, kuma kowane rabo yana ƙara tsuke kason, har a kai ga ɗan fegin da ba ya ciyar da mutum da matarsa. Abin da ya rage wa saurayi shi ne aro, ko haya, ko ƙwadago a gonar wani, ko ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani.

Ruwa kam akwai shi. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima an gina ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma albasa da tafarnuwa da shinkafar wannan yanki sun yi suna. Sai dai ruwan ya ɗaga darajar fadama, mai fili kuwa ya gwammace ya ba da haya ta kaka ɗaya ga mai kuɗi a hannu. Wanda ya sami fili a kan wannan sharaɗi ba zai yi jigilar takin gida ba, tunda amfaninsa sai baɗi. Ba zai haƙa rijiya ba, ba zai dasa mangwaro ba, da ma al'ada ba ta yarje wa mai aro dasa itace. Takin zamani zai watsa, ya kwashe abin da ya samu. In ma ya gyara wurin, mai shi ya ƙara masa kuɗi ko ya ce bana zai noma abinsa. Shekarar ambaliya kuwa, irin ta 2010 da ta cinye gonakin Goronyo, wanda ya biya haya tun kafin shuka shi ke kwana da asara. Ƙasar tana ramewa, yaron bai tara komai ba, sannan a ce matasan yanzu ba sa son noma!

Dattawa za su ce aro rufin asiri ne, da shi marayu da baƙi suka ci abinci tun kaka da kakanni. Gaskiya ne. Za su kuma ce aron da ya daɗe shi ne wanda 'ya'yan mai aro ke wayar gari su kira shi gadonsu, kuma wannan tsoro ba na banza ba ne, alƙalai sun sha ganin irinsa. Wasu kuma za su ce a koma ga takardar gwamnati, tunda dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum har hekta 500 don noma. To amma wa ke iya bin ofis-ofis har ya sami takardar? Ba saurayin Taloka ba. Kuma wanda ya tuna jinin manoman da aka zubar a Bakolori a 1980 ba zai so a miƙa wa hukuma maganar gona ɗungurungum ba.

Ni a ganina gyaran yana cikin al'adar kanta. A mayar da aro da haya na shekara biyar ko bakwai, a rubuta a gaban mai gari da liman da shaidu, a faɗi iyaka da ranar mayarwa da abin da za a biya mai aro idan ya bar rijiya a wurin. Addini ma ya umarce mu da rubuta bashi. Rubutun nan shi ke kashe tsoron mai gona, shi ke ba yaro ƙarfin gwiwar kai taki. Iyaye kuma su faɗaɗa wa ɗan da ya yi aure gayaunarsa tun suna raye, hukumar kogin Sakkwato da Rima ta ware wa matasa kaso a filayen ban-ruwa da wa'adi mai tsawo, da sunan wanda zai duƙa ya noma da hannunsa.