Ɗan Gado a Gaban Alƙalai

A Sanam, kamar sauran garuruwan ƙasar Kurfey, idan an idar da sallar isha'i akan tarar da yara sun yi da'ira, kai ya haɗu da kai, suna kallon salula guda wadda aka caja da hasken rana. Abin da suka fi so shi ne fim ɗin zane, wanda hotuna ke motsi suna magana. Da zarar fim ya ƙare, sai wani daga cikinsu ya ɗaga kai ya ce: “Akwai na biyu?” Manyan kamfanonin fim na Amurka sun daɗe da sanin wannan tambaya, kuma a kanta suka gina ciniki mai yawan gaske. Sai dai tana jawo wata tambayar da ta shafi adalci: idan aikin da ya gaji suna ya tsaya gaban alƙalai, me ya kamata a auna, sunan da ya gada ko gumin da ya zuba?

Tarihin lambar Oscar, wadda ake bayarwa kowace shekara a Los Angeles, ya ba da haske a kan wannan batu. A 2002 aka fara ware lamba ta musamman domin dogon fim ɗin zane, kuma Shrek ne ya fara cin ta. Daga lokacin zuwa 2025 an bayar da ita sau 24, amma sau biyu kaɗai ta faɗa hannun fim ɗin da yake ci gaban wani: Toy Story 3 a 2011 da Toy Story 4 a 2020. Shrek 2 ya shiga takara a 2005, ya sha kaye. La Reine des neiges ya ci lambar a 2014, amma kashinsa na biyu, wanda ya fito a 2019 ya kuma fi na farko kawo kuɗi, ko cikin ƴan takara ba a sa shi ba. Vice-versa 2 ya tara fiye da dalar Amurka biliyan ɗaya da rabi a 2024, duk da haka a 2025 alƙalai suka miƙa lambar ga Flow, wani ƙaramin fim daga ƙasar Latbiya, labarin wata kyanwa da ambaliya ta ci gidanta, wanda babu kalma ɗaya ta maganar ɗan Adam a cikinsa.

Haka abin yake ga fim ɗin da yaran Nijar suka fi sani. Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a Gine, ya fitar da Kirikou et la Sorcière a 1998, da kiɗan Youssou N'Dour, kuma fim ɗin ya ci babbar lambar bikin Annecy a 1999. Saboda son da aka yi wa wannan ɗan ƙaramin yaro mai wayo, an ƙara kashi biyu, a 2005 da 2012. Na 2012 ya shiga takarar lambar César ta Faransa, amma Ernest et Célestine ne ya yi nasara.

Mai saurin hukunci zai ce alƙalai suna da son zuciya, suna ƙin na biyu don kawai shi na biyu ne. Bahaushe ma yana da hujjar da za ta goyi bayan wannan ƙorafi, domin al'adarsa ba ta raina maimaici. Ana cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya, kuma kyan ɗa ya gaji ubansa. Maƙeri a Filinge ba ya jin kunya don ya ƙera haiwa irin wadda kakansa ya ƙera. Tatsuniya ita kanta ci gaba ce marar iyaka: Gizo da Ƙoƙi sun shekara ɗaruruwa suna komowa kowane dare, ba wanda ya taɓa ce wa kaka ta sake gwarzo. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, kuma babu malamin Hausa da zai ce na uku ya kasa na farko daraja domin ya zo a baya. In haka ne, me zai sa a tauye wa ci gaban fim haƙƙinsa?

Amsar tana cikin bambanci tsakanin gado iri biyu. Akwai magajin da ya karɓi gonar ubansa ya kai mata taki, ya noma ta, har ta ba da abin da ba ta taɓa bayarwa ba. Akwai kuma wanda ya tarar da rumbu cike, ya zauna yana ɗiba har ya ga ƙasa. Dukansu magada ne, dukansu kuma suna cin abinci, amma ɗaya ne kawai ya cancanci a yaba masa a matsayin manomi. Kamfanin da ya fitar da kashi na biyu yakan shigo kasuwa da rumbu cike: yara sun riga sun san gwarzon, sun haddace waƙoƙinsa, iyaye sun amince da sunan. Saboda haka yawan kuɗin da fim ɗin ya tara shaida ce ta ƙaunar da aka yi wa na farko kafin ta zama shaidar ingancin na biyu. Alƙalin da ya ƙi ɗaukar wannan kuɗi a matsayin hujja bai yi zalunci ba, domin bai halatta a biya mutum lada sau biyu a kan aiki ɗaya ba.

To, me ya fitar da Toy Story 3 daga cikin sauran? Na farko ya fito a 1995, labarin kayan wasan wani yaro mai suna Andy. Bayan shekara 15, masu fim ɗin suka bar lokaci ya yi aikinsa: Andy ya girma, zai tafi jami'a, kayan wasan kuma sun fuskanci abin da duk mai renon yaro yake fuskanta, wato ranar da ba a bukatarsa kuma. A ƙarshe ya miƙa su ga wata ƙaramar yarinya, ya kama hanya. Yaran da suka kalli na farko su ma sun girma a lokacin, suka ga kansu a cikin labarin. Wannan magana ce da kashi na farko ba zai iya faɗa ba, domin sai an shekara tare sannan rabuwa take da nauyi. Shi ya sa, ban da lambar zane, aka sa shi cikin takarar fim mafi kyau na shekarar baki ɗaya. Kashin Kirikou na baya kuwa, duk da kyansu, sun koma cikin kwanakin labarin farko ne suna ƙara ƙananan labarai daga bakin kakan yaron. Kirikou bai ƙara ko kwana ɗaya ba. Sun faranta wa yara rai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ba su matsar da labarin daga inda yake ba.

Nijar tana da nata misali. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka. La Mort de Gandji ya samu lamba a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A wannan shekara ya fitar da Bon voyage Sim, inda wani kwaɗo shugaban ƙasa yake ziyarar aiki da fareti da jawabai, zambo ga sababbin masu mulkin zamanin. Bayan shekaru masu yawa, yana zaune a Tawa, ya komo ga kwaɗinsa a Kokoa, ya tsayar da su a filin kokowa tare da wasu dabbobi. Dabbar ba ta sake ba, amma abin da aka aike ta ta faɗa ya sake, kamar yadda Gizo yake komowa kowane dare da sabuwar dabara da sabon darasi.

Filin kokowar ma ya warware wannan matsala tun da daɗewa. Tun 1975, da aka fara gasar ƙasa a Tawa, wanda ya ɗauki takobi bara ba a miƙa masa na bana don sunansa, ba a kuma hana shi shiga don ya taɓa ci. Sai ya sake ɗaura walki ya shiga fili, a gwada a san na ƙwarai. Wannan shi ne adalcin da ya dace da ci gaban fim, kuma shi ne ya dace da ɗan Adam.

Batun ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu kai tsaye, domin su ma alƙalai ne. A aji akan samu ƙanen ɗalibin da ya yi fice, malami ya ba shi maki da idon da ya ga yayansa, ko kuma ya tsananta masa don bai kai yayan ba. A gasar wasan kwaikwayo ta makarantu akan samu ƙungiyar da ta ci bara ta komo da wasan da ya yi kama da na bara, ƴan kallo su yi tafi tun kafin a buɗe baki. A duk waɗannan wurare tambayar alƙali guda ce: ban da abin da aka tarar, me aka ƙaro?

Yaron Sanam da ke neman na biyu kuwa ba shi da laifi, domin so ne ya sa shi tambaya. Nauyin yana kan manya, su zaɓa masa abin da zai girma tare da shi, su kuma sa finafinan Moustapha Alassane cikin abin da ake nuna wa ɗalibai, don ya san cewa tun 1966 wani ɗan ƙasarsa ya sa zane ya yi motsi a kan allo.