Wa Ya Cancanci Fuska A Cikin Zane?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani nau'in rubutu da ake ba da dogon labari cikin zane-zane, shafi bayan shafi, maganar mutane kuma a rubuce kusa da bakinsu. Daga cikin abubuwan da masu wannan sana'a suka fi so akwai tarihin ƙungiyoyin baraden Katolika na zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya. Misali shi ne littafin Templar na Jordan Mechner, wanda ya fito a 2013. Tambayar da ta kamata mu yi, 'yan'uwa marubuta, ita ce: daidai ne mai karatu ya tausaya wa mutanen da suka shafe kusan shekara 200 suna yaƙar Musulmi?

Bari mu fara da sanin su. An kafa ƙungiyar Tamfila a Ƙudus wajen 1119 domin rakiyar Kiristoci masu ziyara. Larabawa na kiran su Dawiyya, takwarorinsu masu jinyar marasa lafiya kuma Isbitariyya. Baraden sukan yi alkawarin talauci da barin aure da biyayya, su sa farar riga mai jan gicciye, amma ƙungiyar tasu ta tara dukiya har sarakuna na cin bashi a wurinta. Bayan Akka ta kuɓuce musu a 1291 sai tauraronsu ya dusashe. Ranar Juma'a 13 ga Oktoba 1307 Sarki Filib na Huɗu na Faransa ya sa aka kame su, aka gana musu azaba har suka amsa laifin tofa wa gicciye yawu. A 1310 aka ƙone 54 daga cikinsu, Fafaroma Kilement na Biyar ya rushe ƙungiyar a 1312, shugabansu Jacques de Molay kuma aka ƙone shi a Paris a 1314.

Wannan faɗuwa ita ce Mechner ya gina labarinsa a kai. To, a nan ƙarfin zane yake, a nan kuma haɗarinsa yake. Marubucin zube na iya cewa an kashe mutum ɗari ya wuce abinsa. Mai zane kuwa dole ya zaɓi wanda zai ba ido da hawaye, da wanda zai bari a matsayin inuwa can bayan ƙura. Duk wanda aka ba fuska, zuciyar mai karatu na bin sa. Shi ya sa ya kamata mai karatu ya riƙa tambayar kansa a kowane shafi: wa aka hana fuska a nan? Ina manomin da aka ƙone wa gona, ina uwar wanda takobin baraden ya sare?

Sai dai wannan tambaya ba ta soke tausayi. Zalunci zalunci ne ko da a kan abokin gaba ya faɗa, kuma laifin da aka amsa da ƙarfin azaba ba hujja ba ne a kowace kotun adalci. Usama bin Munƙiz, baraden Sham da ya yaƙi Faranjawa da hannunsa, ya rubuta a Kitabul I'itibar yadda Dawiyya suka ba shi wurin salla a harabar Masallacin Aƙsa, suka kuma janye wani baƙon Bafaranje da ya yi ƙoƙarin juya shi daga alƙibla. Bai ɓoye alherinsu don gaba ba. Haka kuma tarihi bai ɓoye cewa bayan yaƙin Hiɗɗin a 1187 Salahuddin ya sa an kashe baraden ƙungiyoyin biyu da aka kama ba.

Darasin da ke nan ga mai son riƙe alƙalami shi ne, matattu ba su da bakin kare kansu, amanarsu na wuyan marubuci. In ka mayar da abokin gabar gwarzonka dodo, ka rage wa gwarzon daraja, ka kuma yaudari mai karatu. Gaskiya dokin ƙarfe ce. Mu karanta irin waɗannan littattafai da ido biyu, ɗaya kan wanda aka zana, ɗaya kan wanda aka bari a duhu, sannan mu auna namu rubutun da mudun da muka auna nasu. Allah Ya sa mu dace.