Ciwon Da Ido Ba Ya Gani: Wa Ake Jarrabawa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci lafiya da cuta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wani abu da ya faru a gabana a wani masallaci nan Illela shi ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako. An ta da sallar La'asar, sai wani saurayi ɗan shekara 23, wanda na taɓa koya wa Larabci, ya kabbarta a zaune a ƙarshen sahu. Da aka sallame sai wani dattijo ya juya ya ce masa, "Kai yaro, ba ka jin kunya? Mu masu furfura muna tsaye, kai kana zaune?" Saurayin ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Tun daga ranar nan ya koma yin sallarsa a ɗaki.

Wanda ya dubi yaron nan ba zai ga kome ba. Ba gurgu ba ne, ba makaho ba ne, ga shi kamar kowane saurayi. Amma tun yana ƙarami gaɓoɓinsa ke gocewa. Ya ɗaga buhu, kafaɗa ta fita. Ya durƙusa, gwiwa ta kauce. Fatarsa tana miƙewa fiye da ƙa'ida, ɗan rauni kaɗan ya daɗe bai warke ba. Maɗora sun ɗora sun gaji. An ce iska ce, an ce sammu ne, an ce son jiki ne. Sai da ya girma wani likita a Sakkwato ya gaya musu sunan abin.

Likitoci suna kiran wannan cuta Ehlers-Danlos, da sunan wasu likitocin fata guda biyu: Ehlers na ƙasar Denmak wanda ya bayyana ta a 1901, da Danlos na Faransa a 1908. Bayaninta kuwa shi ne, Allah Ya sanya wani sinadari a jikin ɗan Adam mai suna kolajin, wanda ke riƙe fata da jijiyoyi da gaɓoɓi, kamar yadda ramno ke riƙe ƙasar gini. Idan ramno ya yi rauni, daga waje katanga tana nan tsaye, amma ba ta jure abin da 'yar'uwarta ke jurewa. Gadon ta ake yi, ba ɗauka ba. An ƙiyasta tana samun kamar mutum ɗaya cikin 5,000, kuma a 2017 masana suka kasa ta iri 13, mafi haɗari a cikinsu shi ne wanda ke sa jijiyar jini ko hanji ya fashe. Har yau ba a sami maganin da ke raba mutum da ita ba, sai dai lallaɓawa da ƙarfafa tsoka da rage zafi.

To, ku duba halin saurayi irin wannan a garinmu na bakin iyaka. Abincin samari a nan ƙarfi ne: dako a kasuwa, lodin albasa da hatsi, kora dabbobi a kara, kabu-kabu tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Duk an rufe masa waɗannan ƙofofi a daidai lokacin da sa'o'insa ke tara sadaki. Wannan kaya guda ke nan, Allah ne Ya ɗora masa. Akwai kuma kaya na biyu, watau zargi da ƙaryatawa, wannan kuwa mu muka ɗora masa. Tambayata ita ce, a cikin wannan al'amari wa ake jarrabawa? Shi kaɗai, ko har da mu?

Mu fara da sallar da aka kunyata shi a kanta. Imamul Buhari ya ruwaito cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi fama da basir, ya tambayi Manzon Allah, mai tsira da amincin Allah, yadda zai yi salla, aka ba shi izinin zama idan tsayuwa ta gagara, da kwanciya a kan gefe idan zaman ma ya gagara. Basir kuwa ciwo ne da ba a ganinsa, amma ba a ce ya kawo shaida ba. Duk almajirin da ya karanta Ahalari ko Risala ya san malamanmu na Malikiyya sun yarda mara lafiya ya zauna idan tsayuwa za ta cuce shi. Ashe saurayin nan bisa Sunna yake. Dattijon da ya tsawata masa shi ne ya yi magana ba da sani ba, alhali Suratul Hujurati ta gargaɗe mu game da yawan zato.

Wani zai ce, ai akwai masu ƙaryar ciwo don gudun aiki ko don bara. Gaskiya ne, akwai su. Amma a auna kuskuren biyu. In ka gaskata maƙaryaci, abin da ka rasa ɗan taimako ne, ladarka kuwa tana nan, zunubi nasa. In kuwa ka ƙaryata mai gaskiya, ka kori Musulmi daga jam'i, ka karya masa zuciya. Wanne ya fi sauƙin ɗauka ranar hisabi?

Sai maganar haƙuri. Mu masu lafiya mun iya cewa "yi haƙuri", sau da yawa kuwa abin da muke nufi shi ne "yi mana shiru". Haƙuri ba shi ne ɓoye ciwo ba. Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya kai kukan cutarsa ga Ubangijinsa, duk da haka Alƙur'ani ya yabe shi da haƙuri. Neman magani ma bai saɓa wa tawakkali ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya wallafa littattafai kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir. Cuta kuma ba alamar fushin Allah ba ce. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, gurgu ne mai shanyayyen hannu, daga baya ya makance, amma manyan malamai sun durƙusa a gabansa. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, Annabi ya sha wakilta shi ya ja salla a Madina idan ya fita yaƙi.

Misalan nan suna nuna mana cewa magabata ba tausayin baki kaɗai suka yi wa masu lalura ba, wuri suka ba su. Masana tarihi sun ambata cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sanya wa makafi 'yan jagora, guragu kuma masu hidima, daga baitulmali. A ƙasarmu ma an sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019. Amma doka ba ta shiga sahun salla, ba ta kuma zama a zauren neman aure. Can sai tsoron Allah.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi. Iyaye, idan yaro yana yawan gocewar gaɓa ba tare da wani babban dalili ba, kada a tsaya ga ɗori kaɗai, a kai shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. 'Yan kasuwa, ba kowane aiki ke bukatar ƙashin baya ba; akwai riƙon littafin lissafi, akwai tsaron shago. Limamai, a karantar da mutane hukuncin sallar mara lafiya a fili. Shi kuma mai cutar, idan ya tashi neman aure ya faɗi gaskiya, domin a wasu nau'o'inta kowane ɗa yana iya gada, ko dai ya gada ko ya kuɓuta, rabi da rabi. Waɗanda aka faɗa wa kuma su riƙe amana, ko sun ba shi ko sun hana.

Ni kaina ban kuɓuta ba. Ina wurin aka yi wa yaron nan magana, na san halinsa, amma na yi shiru don ganin girman furfura. Daga baya na je na sami dattijon a gida na yi masa bayani. Ya yi shiru wani lokaci, sa'an nan ya ce in raka shi ya nemi gafara. Saurayin ya yafe, amma har yanzu bai dawo jam'i ba, ina kuwa duba ƙarshen sahu kullum.

Shi jarrabawarsa ciwo ce, ya kuwa san yana cikinta. Mu tamu jarrabawar shi ne, da yawanmu ba mu ma san an shiga ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare harsunanmu daga cutar da bayinSa, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.